Ƙofar Turkawa ta Baba Ƙasimu

Yatsa huɗu ne suka hana mahaifina zuwa Masallacin Annabi har wata tara. Ba ƙari na yi ba, da hannuna na auna. Ƙanena Khalilu ma ya auna da tef ɗinsa na ƙarfe ya ce santi bakwai ne, na ce ya riƙe santinsa, mu yatsa muka sani. Keken guragun da Baba ke zama a kai ya fi ƙofar gidanmu faɗi da yatsa huɗu, shi ke nan abin da ya tsare mutumin da ya tako daga Kano zuwa Madina da ƙafarsa.

Gidanmu yana lungun Maigandi, cikin tsohon gari. Gidan baƙin dutse ne mai hawa biyu, in ka hau sama ka leƙa ta tsakanin shanyar maƙwabta kana hango koriyar ƙubba. Baba Ƙasimu magini ne. Shi da Inna sun shekara bakwai a hanya, ni a Sudan aka haife ni, shi ya sa ba ya ce mini Ƙaltume sai Sudaniya. Ina 'yar shekara goma sha uku muka tare a gidan nan, kuma tun ranar ban taɓa shiga ƙofarsa a miƙe ba. Siririya ce kamar bakin rumbu, mai jiki sai ya karkace ya shigar da kafaɗa ɗaya tukuna. Ranar da aka kai ni ɗaki, gadona ta saman soro aka sauke shi da igiya, 'yan unguwa suna ba da shawara daga ƙasa. Da mijina ya rasu na dawo gida, ta nan gadon ya sake hawa.

Mun taso muna jin tarihin ƙofar daga bakin Baba, kuma ba ya ba da shi sai lokacin alhazai. A wurinmu Hausawan Madina, in ɗan gari ya zo ziyara da wasiƙa a hannu, ba a mayar da shi. Kuma duk baƙon da adakarsa ta shiga ɗaki ya zama ɗan gida, ba mai tambayarsa ranar tafiya. Akwai gidaje a lungunmu da baƙon hajjin bana yake yi wa na baɗi maraba. Amma a namu gidan adaka ba ta taɓa shiga ba. A juya ta a tsaye, a juya ta a kwance, a cire hannayenta, sai ta tokare. Nan Baba zai dafa ƙirji, fuskarsa cike da takaici.

"Ku yi haƙuri, alhazai. Aikin Turkawa ne, haka muka tarar da ita. In da da hali, wallahi da na faɗaɗa."

Sai a lulluɓe adakar da tabarma a cikin lungu, ko a kai ajiya shagon mai burodi. Mutum yana kwance a ciki, hankalinsa yana waje wurin kayansa, da wuya ya wuce kwana takwas. A kowace shekara kuma labarin yana ƙara ƙiba. Wata shekara don raƙuma aka matse ƙofar, wata shekara don ɓarayin jeji, akwai shekarar da wani hafsan Turkawa ya maƙale a cikinta sai da aka shafa masa man zaitun. Mu dai mun yarda, don ba mu taɓa kama Baba da ƙarya a kan dutse ba.

A farkon shekarar 1398 ta Hijira, bayan sallar layya da 'yan makonni, Baba ya zame a matakala, ƙugunsa ya karye, ya warke a karkace. Aka sauko da shimfiɗarsa ɗakin ƙasa da ke kusa da ƙofa. Khalilu yana aikin ɗaukar kaya a filin jirgi, shi ya samo keke mai ƙarfi irin wanda ba ya naɗewa, ya shigo da shi gunduwa-gunduwa ya haɗa a zaure. Sai da ya gama, ya zaunar da Baba, ya turo shi da murna, sannan tayoyin suka ce ƙwas a jikin dutse.

Kada wani ya ce me ya sa ba a ajiye keken a waje a ɗauko shi a hannu ba. An yi. Baba ƙato ne, ƙofar kuma ba ta cin mutum biyu a jere, don haka ɗaya ya riƙe hammata ɗaya ya riƙe ƙafafu. A tsakiyar ƙofa ƙugun ya motsa, Baba ya yi ƙarar da aka ji a shagon mai burodi, rigarsa ta naɗe har ciki, hularsa ta gangara kwata, matan lungu duk suna tagoginsu. Da aka mayar da shi ciki ya kalli Khalilu yana haki.

"Ba mai ƙara ɗaukata ta ƙofar nan sai ranar da za a kai ni makabartar Baƙi'a."

Inna tana daga matakala ta ce, "Ai ko ranar, Malam, sai dai a tsaye. Makara ma ba ta shiga."

Ran wata Alhamis Khalilu ya ɗauko gudumar Baba da ƙarfen sassaƙa dutse. Bai kai ga bugu na uku ba sai ga umda, wato mai unguwarmu, yana ɗaga hannu tun daga bakin lungu yana cewa mamnu'u, an hana. Ashe an kafa wani kwamiti na kula da tsofaffin gidaje, mu lajana muke ce masa, kuma lungunmu yana cikin lissafinsu. Ko ƙusa za ka kafa a fuskar gida sai sun zo sun duba. Mai burodi ya yi wata huɗu yana jiran izinin rataya fitila. Wani maƙwabcinmu ya shafa wa tagarsa shuɗin fenti, aka sa shi ya kankare, da ya kankare aka ce ya ji wa katako ciwo.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Baba. Mutumin da ko bashin gaisuwa ba ya so hukuma ta bi shi, sai ga shi yana raɗa wa Khalilu a bar zancen lajana, a fasa dutsen da rana tsaka lokacin da kowa ke barci. Khalilu a Madina aka haife shi, ana yi masa Hausa yana amsawa da Larabci, kuma yana tsoron takarda fiye da yadda yake tsoron kunama.

"La ya abuya," in ji shi. "Nizam nizam." Wato a'a Baba, doka doka ce.

Ya sayi koren fayil, ya sa aka rubuta masa takardar koke, aka ɗauki hoton ƙofar ta gaba da ta gefe, har da wani hoto da shi kansa yake tsaye a ciki a karkace. Aka ce ya dawo bukra, wato gobe. Bukrar nan ta ci wata biyar.

Lajana ta zo ran wata Talata da hantsi, mutum uku. Akwai shugaba, dattijo mai tasbaha da ke neman inuwa tun kafin ya yi sallama. Akwai mai rubutu, da fayil a hammata. Akwai kuma muhandis, injiniyansu ke nan, wanda in ya ga tsohon dutse idonsa sai ya kawo ruwa. Aka turo Baba har bakin ƙofa daga ciki, su suna daga waje. Ni da Inna muna bayan labulen zaure, kuma ba abin da ya wuce mu.

Muhandis ya durƙusa. Ya shafa dutsen, ya sansana shi, ya ƙwanƙwasa da bayan biro ya kasa kunne. Sannan ya miƙe ya yi musu jawabi da Larabcin makaranta. Ya ce su dubi yadda kowane dutse ya kwanta a kan ɗan'uwansa, ko reza ba za ta shiga tsakani ba. Ya ce ba ɗigon siminti, farar ƙasa ce zalla. Ya ce hannun da ya yi wannan aiki ya tafi tare da Turkawa, maginan yanzu ko bangon kaji ba za su iya haka ba.

Na leƙa fuskar Baba. Na yi tsammanin zan ga ɓacin ran magini da aka zagi sana'arsa. Sai na ga mutum yana ƙoƙarin danne murmushi, har gemunsa yana rawa.

"Ya muhandis," in ji Baba, "ka duba na uku daga ƙasa. Wannan kusurwar ba ta da sauƙi."

"Ma sha Allah, ammi ya san aiki," in ji muhandis.

Sai mai rubutu ya buɗe fayil ya ce akwai ma shaida a rubuce. Shekara biyar da suka wuce wani ma'aikacinsu ya zaga yana tattara tarihin lunguna daga bakin dattawa. Ya karanta. Ƙofar gida mai lamba kaza, ginin zamanin Turkawa, an matse ta don tsaron raƙuma da ɓarayi, kuma an ruwaito wani hafsa ya taɓa maƙalewa a ciki. Har man zaitun yana cikin takarda. Ya ɗaga kai.

"Mai ba da shaida, dattijon unguwa, Ƙasimu magini. Ga dangwalen yatsansa."

Murmushin Baba ya tafi. Khalilu ya yi ta bayani, ya nuna keke, ya nuna ƙugu. Muhandis ya ce a nemo keke siriri. Khalilu ya ce mahaifinsa ba zai shiga siriri ba. Shugaba ya dubi Baba sama da ƙasa, ya ja tasbaha biyu, ya ce da tausayi ai azumi ya kusa. Suka sha shayi, suka rubuta cewa ba a yarda a taɓa ƙofar ba, suka yi masa addu'ar samun sauƙi suka tafi.

Azumi ya zo ya wuce, Baba bai rame yadda shugaba ya yi fata ba. Amma wani abu ya rame a cikinsa. Duk lokacin salla sai ya sa in tura shi bakin ƙofa, ya zauna tayoyi suna tokare da dutse, yana kallon ƙafafun mutane suna wucewa zuwa Harami. Mutumin da ya shekara talatin ba a tayar da salla babu shi ba, ya koma yana jin amin ɗin jama'a daga nesa kamar guguwa a bayan gari. Ranar idi bai ci komai ba. Ina kallonsa tausayi yana cina, kuma ina jin haushin Turkawa kamar su suka kashe mini miji.

Wata rana bayan azahar, Inna tana sama tana barcin rana, na kawo masa ruwa. Bai karɓa ba.

"Sudaniya, rufe labulen nan. Zauna."

Na zauna.

"Ba wasu Turkawa."

"Ban gane ba, Baba."

"Ni na gina ta."

Ya ba ni labari yana kallon bango. A ɗakin hayar da muke kafin nan, akwai shekarar da baƙi ashirin da uku suka sauka, wasu har hajji ta zagayo ba su tafi ba. Shi a kan adakokinsu yake kwana, da safe ya tafi ɗaukar dutse bayansa duk zanen ƙusa. Da ya samu gidan nan sai ya ce mana mu dakata mako uku zai gyara rufi. Rufin lafiyarsa ƙalau. Ya auna adakar Kano da hannunsa, ya kwaso duwatsun wani tsohon bango da ya rushe a bayan lungu, ya ƙara wa ƙofar gini a gefe ɗaya da rana tsaka, ya shafe da farar ƙasa da toka. Maƙwabtan da suka gani mutanen Buhara ne, sun daɗe da tashi.

Na yi dariya har na kwanta a tabarma. Sai kuma na tuna gadona yana lilo a sama, na tuna shekara ashirin da shida ina shiga gidan ubana kamar kaguwa, dariyar ta tsaya.

"Baba, ai sai ka gaya wa lajana."

"In ce musu me? In ce ni Ƙasimu, a garin Manzon Allah, na toshe ƙofata don kada baƙinsa su zauna? A gaban umda? A gaban mutanen da na ba haƙuri da hannuna a ƙirji?"

Muna nan zaune aka kira la'asar, ƙafafun mutane suka fara wucewa. Ya bi su da ido har na ƙarshe, wani tsoho mai sanda da ke jan ƙafa ɗaya. Ya daɗe yana kallon inda tsohon ya ɓace.

"Gaya wa ɗan'uwanki ya sake kiran su," in ji shi.

Wannan karon mako uku kawai suka ɗauka. Labari ya riga ya zaga cewa Ƙasimu zai yi magana a kan ƙofa, don haka lungu ya cika, maza a ƙasa mata a tagogi. Baba ya sa aka ɗaura masa rawani. Ya faɗi komai da Larabcinsa na magina, bai rage adaka ko ɗaya ba. Da ya gama ba ka jin komai sai ƙugin na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta. Umda ya riƙe baki. Wani dattijo da ya taɓa sauka a gidanmu kafin ya samu nasa ya ce a bayyane, "Adakata ta sha ruwan sama a lungun nan."

Mun ɗauka an gama. Sai shugaba ya gyara zama a kujerar da aka kawo masa, ya yi murmushin wanda ya saba da dabarun jama'a.

"Ya ammi, Allah Ya ƙara maka lafiya. Muna da Ƙasimu biyu. Na cikin takarda ba ya neman komai a wurinmu. Na kan keke yana neman izini. Kai da kanka, wa za ka gaskata?"

Muhandis ya ce da girmamawa, ba yadda za a yi wannan aiki ya zama na shekara ashirin da shida. Mai rubutu ya ce kuma dangwale ba ya gogewa. Wato Baba ya zubar da mutuncinsa a tsakiyar lungu, an tattara an mayar masa an ce jabu ne. Ban taɓa jin haushin mutane masu ladabi kamar ranar ba.

Baba ya juya wajen Khalilu ya yi masa Hausa ƙasa-ƙasa.

"Uwarka tana bayan labule?"

"Aiwa."

"Gwaggonka Asama'u fa?"

"Fi shubbak. Tana taga."

"To. Allah Ya sa mu cika da imani."

Dole in tsaya in faɗi wace ce Gwaggo Asama'u. 'Yar Damagaram ce, tana cikin baƙi ashirin da ukun nan, ita ta taya Inna ɗaure kaya lokacin tashi. A cikin kayan akwai taɓaryar ƙirya da kakata ta ba Inna ranar da za su bar Kano. Inna ta yar da tukwane a hanya, ta sayar da zannuwa, amma taɓaryar nan a kafaɗarta ta ƙetare Chadi da Sudan da teku. Da muka tare a sabon gida aka kwance kaya, babu ita. Inna ba ta ce Asama'u ta sata ba. Ta dai ce kaya ba su da ƙafa, kuma mutum ɗaya ce ta ɗaure su. Asama'u ta yi aure a ƙarshen lungunmu, gida shida tsakani, tun daga ranar ko barka da salla ba ta haɗa su.

Baba ya ce wa muhandis, "Ka ɓamɓare farar ƙasa daidai tafin hannu, daga ciki, kamu biyu daga ƙasa, inda ƙyauren ke rataye. In ba ka tarar da itace a tsaye ba, da zobe uku na ƙuna a ƙugunsa, ka rubuta ni maƙaryaci sau biyu."

Suka yi shawara. Shugaba ya ce tafin hannu ɗaya, don bincike, kuma a rubuta cewa ba gyara ba ne. Muhandis ya fito da 'yar wuƙa yana kankarewa a hankali kamar mai cire ƙaya. Can sai ya tsaya.

"Itace," in ji shi. "Ja, mai tauri, sumul. Ga zobe. Ɗaya, biyu, uku."

Ban san lokacin da Inna ta bar gefena ba. Matar da ba ta taɓa fitowa gaban baƙin maza ba, sai ga ta a zaure mayafi a karkace. Muhandis ya matsa da sauri. Ta sa yatsu a ramin ta shafa wurin da hannun uwarta da nata suka cinye. Ta daɗe a haka.

"Malam," in ji ta.

"Itace yana wuya a garin nan, Innayatu. Ƙyauren yana buƙatar abin riƙewa. Na ce zan gaya miki in an kwana biyu."

"An kwana biyu."

Muhandis bai ji Hausa ba, kuma bai saduda ba. Ya ce wannan babban abu ne, ashe Turkawa suna dasa ginshiƙin itace a cikin bango. Inna ta juyo ta ba shi amsa da Larabcinta na kasuwa, da muryar da aka ji har ƙarshen lungu.

"Ya waladi, Turkawa ba sa daka gero. Taɓaryar uwata ce."

Daga can wata taga aka yi guɗa guda ɗaya, doguwa, aka rufe tagar da ƙarfi. Kowa ya san tagar wa ce.

Lajana ta sake shan shayi. Mai rubutu ya yi ta gogewa yana sakewa, don ba su da gurbin rubuta cewa sun yi kuskure. A ƙarshe suka samo hanya. Ba faɗaɗa ƙofa muka nema ba, cire ƙarin zamani ne da mayar da ginin tarihi kan asalinsa, kuma lajana tana yaba wa masu gida da wannan kishi. Sharaɗi ɗaya, a yi aikin ƙarƙashin kulawar ƙwararren magini. Muhandis ya fara cewa itacen za a kai ma'ajiyarsu, ya haɗa ido da Inna, ya ce ko kuma a bar shi. Da za su tafi ya dawo ya durƙusa gaban keken.

"Ammi, da gaske kai ka yi wannan kusurwar?"

"Da rana tsaka," in ji Baba. "Ina sauri."

Muhandis ya sumbaci goshinsa. Duk kunyar da Baba ya sha a ranar, wannan ya ɗan biya shi.

Kwana uku aka yi ana sauke duwatsun, Baba yana kan keke yana yi wa Khalilu faɗa kada ya fasa ko ɗaya. Da taɓaryar ta fito Inna ta wanke ta, ta shafa mata mai, ta saɓa a kafaɗa ta bi lungu tsakiyar rana, ta jingina ta a ƙofar Gwaggo Asama'u ta durƙusa. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ji Gwaggo tana cewa, "Tashi, gwiwarki ba ta da kyau. Ai ni tun ranar na ce miki ki tambayi mijinki." Inna ba ta yi wa Baba magana ba har mako biyu, amma tuwonsa bai taɓa makara ba.

Ranar Juma'a ta farko a watan Zulƙida aka yi masa wanka, aka sa masa farar riga da turare. Khalilu ya turo keken. Da suka zo bakin ƙofa Baba ya runtse ido yana jiran ƙwas, sai ya ji rana a fuskarsa. Ni ma na fito a miƙe, kafaɗa biyu tare, har na ji wani iri.

A cikin lungu wani dattijo yana tsaye da hular Kano da wasiƙa a hannu, a gefensa ga adakar ƙarfe mai zanen fulawa, an ɗaure ta da igiya. Daren jiya jirginsu ya sauka. Ya yi sallama ya ce yana neman gidan Alhaji Ƙasimu magini. Ya ce tun a gida an faɗa masa ƙofar Turkawa ce, kaya ba sa shiga, don haka a nuna masa shagon mai burodi kawai.

Duk lungu aka zuba wa Baba ido. Ya dubi adakar, na ga yatsunsa suna aunawa a kan cinyarsa, sabo ne.

"Ku shigar masa da ita," in ji shi. "Ɗakin sama, mai taga."

Muka bi bayan keken ni da Inna da Gwaggo Asama'u. Da muka iso ƙofar Harami, jama'a suna ta kwarara ciki, baƙaƙe da farare, masu sanda da masu goyo, ya ɗaga hannu Khalilu ya tsaya. Ya kalli ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan da idon magini.

"Sudaniya, adaka nawa za ta shiga nan a jere?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni da na zo ko adakar ba ni da ita," in ji shi. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba. "Tura, Khalilu. Za a tayar."